Makon da Burodin Inna Ya Ƙi Tashi

Ranar Asabar da matar ƙanena ta haihu, burodin Inna ya riga ya yi sati uku yana ƙin tashi. Ba wanda ya faɗa da baki, amma duk gidan an sani. Za a kwaɓa da safe, a rufe da zane, a dawo da azahar a buɗe, sai a tarar da kwaɓin a kwance yadda aka bar shi, ko motsi bai yi ba. In aka daure aka gasa, abin da ke fitowa daga tukunya in ka sake shi a faranti sai ka ji ƙwal. Jikokinta ma, da ba su san kara ba in dai a kan ciki ne, sun fara gutsirar ɗaya su ajiye su ce sun ƙoshi.

Ƙananan burodi ne masu zaƙi, kowanne bai wuce dunƙulen hannu ba. Ba irin bons ɗin da ake soyawa a bakin titi ba ne. Wannan da yis ake yi, da madara da ƙwai da ɗan bota, a gasa shi a babbar tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Tun ina ƙarama ba a suna a layinmu na unguwar Sabo, a Ibadan, ba tare da shi ba. Ba sayarwa take yi ba. Gidan haihuwa su aiko da fulawa da sukari, Inna ta mayar musu da tire a cike, shi ke nan. Har Yarabawan da ke bayan layinmu suna aiko mata in an yi musu haihuwa. Wasu matan da gwal aka san su, wasu da baki, Inna kuwa da abu biyu: burodin nan, da wankan jarirai. Duk jikokinta ita ta yi musu wanka har arba'in, kuma wannan ma an riga an tsara, uwar mai jego da ta zo daga Funtuwa za ta yi na satin farko, in ta koma bayan suna Inna ta karɓa.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in ranta ya yi fari kuma "wannan yarinyar", ga ni da 'ya'ya huɗu da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Ba ma doguwar hira da ita. Ina koyarwa a firamare, sai an tashi ƙarfe biyu nake biyowa ta gidan, in gaishe ta, in duba ko ta sha maganinta na ciwon sukari, in duba mata ƙafafu kamar yadda likita ya ce a riƙa yi, in wuce gidana. Kwaɓi kuwa da sanyin safiya take yi, ita kaɗai a ɗakinta, kuma ba mai sa mata hannu. Mu namu hura garwashi ne da wanke tukunya, tun muna yara haka muka taso.

Ran Lahadi ƙanena ya tare ni a zaure. Shi haifaffen Ibadan ne na gaske, albasa yake sayarwa a kasuwar Shasha, in yana magana Hausa da Yarabanci da Turanci duk a tukunya ɗaya suke.

"Yaya, wallahi ba raini ba ne, amma abeg ki duba min. Surukaina suna zuwa, mutanen kasuwa suna zuwa. Ba zan jera wa baƙi duwatsu a tire ba. In zuwa Alhamis da yamma bai gyaru ba, zan sa a yo mana a gidan burodi, a huta."

Na ce masa, "Kai da aka yaye ka da burodin nan, yau kai ne mai cewa duwatsu? Ba ka ji kunya ba?"

"Na ji mana. Amma ke kin iya ci?"

Gaskiyarsa ce, ni ma ba na iya ci. Ashe Inna tana jin mu ta taga. Da na shiga gaishe ta, sai ta kalli bango ta ce, "Wai an ce burodin kanti za a raba a sunan jikana. To, Allah Ya ba da sa'a." Ba da ni take ba, da bangon take. Amma na san in aka shigo da kwalayen burodin nan gidan ranar Asabar, matan layi suna kallo, Inna ba za ta ƙara ɗaga kai a taron suna ba har ta koma ga Allah.

Sai na ɗaura aniyar gano abin da ke damun kwaɓin nan, ni da ban taɓa kwaɓa shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, dole akwai dalili. Na buɗe waya ina kallon 'yan matan nan masu fararen kicin, kowacce da ma'aunin zafi da sikeli, suna lissafo abubuwan da ke hana burodi tashi kamar masu karanta sunayen ɗalibai. Yis ya mutu. Fulawa ta tsufa. Sukari ya yi yawa. Gishiri ya haɗu da yis. Ɗaki ya yi sanyi. Ruwa ya yi zafi. Na rubuta su a bayan takardar jarrabawar wani yaro, na fara daga sama.

Ran Litinin daga makaranta na zarce kasuwar Bodija. Damina ce, an yini ana yayyafi, tasi ta cusa mu kamar kifin gwangwani, taɓo ya cinye min takalmi tun daga bakin kasuwa. Na samu wani Bakano mai kayan fulawa, na ce ina son yis sabo, wanda ba a buɗe ba, ba irin na ƙulli a leda ba. Ya ce, "Hajiya, yis ɗina ko gawa ya taɓa sai ta tashi." Na ce Allah Ya sa, don gawar ce a gida. Da na koma gidana na ɗebi cokali ɗaya na zuba a kofi da ruwan ɗumi da ɗan sukari, na tsaya a kansa. Kafin in gama sallar la'asar ya yi kumfa har yana zubowa. Don kar in zalunci tsohon yis ɗin Inna, shi ma na gwada wanda na ɗebo a gidanta tun ran Lahadi. Shi ma ya yi kumfa, lafiyarsa ƙalau. Duk da haka na kai mata sabon.

Ran Talata Inna ta kwaɓa da shi. Na zo ƙarfe biyu na ɗaga zane, kwaɓi yana kwance yana kallona.

Na koma kan fulawa. Dama ta mudu take saye a bakin layi, na ce wataƙila ta sha danshi, ko an gauraya ta da wani abu. Na sayo wadda take a rufe a jakarta. Na lallaɓa na ce, "Inna, ko a ɗan rage sukari? An ce in ya yi yawa yana danne yis." Ta ce, "An ce. Wa ya ce?" Na ce a waya na gani. Ta ce, "To, wayar ta zo ta gasa." Amma ta rage. Gishirin ma na roƙa a zuba shi can gefe, ta yi min kallon da ta saba yi min tun ina 'yar shekara bakwai, ta ce tun kafin a haife ni a gefe take zuba shi.

A ranar ne na tambaye ta ruwa. Wallahi na tambaya, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ce, "Inna, ruwan fa? Ba ya yin zafi da yawa?" Ta ɗaga ƙaramin yatsanta na dama, wanda kullum yake baƙi ƙirin da lalle kamar sauran, ta ce, "Wannan yatsan ya girme ki a aikin nan." Shi ke nan. Wace ce ni da zan ce wa yatsan Inna ya yi kuskure? Na soke ruwa daga jerin da ke bayan takardar.

Laraba kuma sanyi na zarga. Garin ya yi luf, bango yana tsatsafo da ruwa, wanki kwana uku bai bushe ba. An lulluɓe kwanon da bargo, an kai shi kusa da murhu. Da rana ta ɗan leƙo na sa aka ɗauke shi aka kai cikin motar maƙwabcinmu da ke fake a ƙofar gida, aka ɗaga gilasai, saboda wata a waya ta ce haka take yi. Ni da girmana ina zaune a dakali ina gadin kwaɓi a cikin mota, masu wucewa suna gaishe ni. Iya mai barkono, Bayarabiyar da ke da tebur a bakin layi, ta leƙa ta gilashi ta ce, "Pele o, sannu, burodi zai yi tafiya ne?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Awa uku ya yi a motar, ya fito da ɗumi amma bai ɗaga ko kaurin farce ba.

Matan layi kuwa sun riga sun yanke hukuncinsu. Kambun baka ne. An cika yabon burodin nan, ba a cewa tubarkalla, ga shi baki ya kama. Wata ta kawo habbatus sauda, wata ta kawo ruwan tofi a gora, wata ta rage murya ta ce a lura da masu shigowa gidan da safe. Inna ta karɓi duka ta yi godiya. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce baki bai ga kowa ba duk Sabo sai fulawa? Aka ce 'yan boko dama ba sa yarda da komai.

Na gaji. Ba ƙaramar gajiya ba, irin wadda in ka zauna ba ka son a kira ka ko da alheri. Ƙafafuna sun kumbura, littattafan yara sun taru ban duba ba, na yi wa autana tsawa a kan cokalin da bai taka kara ya karya ba. Maigidana ya ce, "Ke ki kwaɓa a nan mana, ki kai can a ɓoye, a ce nata ne." Na ce masa Inna ko a duhu aka ba ta burodin wani ta san ba nata ba ne, kuma a yaudare ta a gidanta ya fi burodin kanti ciwo. Ya ce to Allah Ya kyauta, ya ci gaba da jin rediyonsa.

Alhamis ita ce ranar ƙarshe. Na aika makaranta cewa ba na jin daɗi, Allah Ya yafe min, duk da ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Gari na wayewa na isa gidan. Inna ta yi mamakin ganina amma ba ta tambaya ba. Na ce zan zauna ne kawai a bakin ƙofa. Ta ce ƙofar ba tata ba ce ita kaɗai.

Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga yadda take farawa. Ta tankaɗe fulawa a babban kwano, ta yi rami a tsakiya. Ta jawo filas ɗin ruwan zafi, babba mai ruwan toka, wanda ni na saya mata wata ɗaya da ya wuce don ta daina tsugunno a bakin murhu da sassafe. Ta tsiyaya a kwanon sha, ta ɗebo ruwan randa da ludayi ta ɗiga kaɗan, kaɗan ƙwarai. Sannan ta tsoma ƙaramin yatsanta, ta bar shi a ciki, leɓɓanta suna motsi. Salati take yi. Daga baya ta gaya min ƙa'idar da ta koya wurin tata uwar: in yatsa ya iya zama a ruwa tsawon salati uku ba tare da ya nemi fita ba, ruwan ya yi daidai da yis.

Ɗakin da ɗan duhu, amma daga inda nake zaune hasken ƙofa yana faɗawa kan kwanon. Tururi na gani yana tashi. Ta gama salatinta uku a natse, ta cire yatsa ta goge a zani, ta juya tana laluben gwangwanin yis a kan kanta.

Na matsa na tsoma nawa yatsan. Ko bisimilla ban ƙarasa ba na fizge shi. Ruwan da za a fige kaza da shi ne.

Na kalli hannunta da ke riƙe da gwangwani. Sai a lokacin na ga abin da lalle ya ɓoye: fatar ƙaramin yatsan ta saɓule daga gefe, ta yi bororo ta fashe ta bushe, wani sabo ya taso a kai. Nan take abubuwa suka riƙa dawo min. Kofuna biyu da suka suɓuce mata a watan. Allurar da ta daina ɗinki da ita ta ce ido ne. Ranar da ta sauke murfin tukunya da hannu ba tsumma, muka ce kai, Inna akwai juriya. Likita ya ce mana ciwon sukari yana kashe jin ƙafa, a riƙa dubawa. Kullum ina duba ƙafa, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa cewa ta miƙo hannu ba.

Na rasa ta inda zan fara. Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na ɗauki ludayi na ƙara ruwan randa a ɓoye kafin ta juyo. Ta juyo, ta kalli kwanon. Idonta ya rage gani amma bai kai ga haka ba.

"Wa ya taɓa min ruwa?"

Mu biyu ne a ɗakin. Na ce, "Ni ce, Inna. Ya yi zafi."

Ta sake tsoma yatsa, ta ce, "Wannan? Ai har ya yi sanyi."

Na miƙa mata yatsana. Ya yi ja wur, har lokacin yana min zugi. Ta kama hannuna ta kai shi kusa da idonta ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga nata ta jera su, ta juya shi ta ga gefen da ya saɓule. Ta danna wurin da babban yatsa, ta ƙara dannawa da ƙarfi, ina kallon fuskarta, ko gezau.

Ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Ni na ɗauka filas ɗin ne ba ya riƙe zafi. Kullum sai in ji ruwan ba zafi, sai in rage na randa. Na so in ce ki mayar musu, sun cuce ki. Sai na ce yarinya ta kashe kuɗinta ta kawo min abu, in ce ba shi da kyau?"

Wato kusan wata guda tana ƙona hannunta don kar ta kunyata ni, ni kuma ina zaga Ibadan cikin taɓo don kar in kunyata ta.  Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Na ji Iya mai barkono tana jan teburinta a waje. Sai Inna ta ce, "Zubar da wannan. Haɗa wani."

Na haɗa. Ta ce, "Sa yatsa. Yi salati." Na yi uku, yatsana bai nemi fita ba. Ta ce, "Ya ya?" Na ce, "Kamar jikin mutum." Ta ce, "To, shi ne." Ta zuba yis da sukari, kuma ran nan ta yarda aka jira har ya yi kumfa kafin a juye a fulawa. Na wanke mata yatsan na naɗe, ta murza kwaɓin da hannun hagu da tafin dama, ta hana ni taɓawa. Aka rufe da zane, ba bargo, ba mota.

Kafin azahar zanen ya yi tozo. Na ɗaga, kwaɓi ya cika kwano yana neman zubowa, ƙamshin yis ya cika ɗakin. Na daɗe ina jiran ganin haka, amma da na gani ban ji daɗin da na zata ba. Inna ta leƙa, ta ce, "Uhm," ta ce a hura garwashi.

Ƙanena ya dawo daga Shasha da la'asar yana warin albasa. Na miƙa masa ɗaya da zafinsa. Ya matsa shi ya ga ya lotsa ya dawo, ya cinye a loma biyu, ya ɗauki na biyu. "Oya, an fasa na kanti. Me ya faru ne, Yaya? Yis ne ko?" Inna tana zaune a tabarma tana jan carbi. Na ce, "Ruwa ne." Ya ce, "Ruwan Ibadan kam sai addu'a," ya fita da na uku a hannu. Ban gyara masa ba a ranar, sai da aka kwana biyu na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, muka mayar da Inna asibiti.

Juma'a muka yini muna gashi, kwaɓi huɗu, kowanne ni na taɓa ruwan. Asabar aka raɗa suna, aka yanka rago, gida ya cika har zaure. Tire-tire suka zaga, ko gutsure bai dawo ba. Wadda ta kawo ruwan tofi tana ta bin mutane tana cewa ai ta faɗa, baki ne, ga shi ya karye. Wata tsohuwa daga cikin surukai ta riƙo hannun Inna, wanda yake a naɗe, ta ce, "Hajiya, wannan hannu naki ba ya tsufa." Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta zare hannunta a hankali ta sa shi ƙarƙashin mayafi.

Lahadi da safe aka raka uwar mai jego tashar Ojoo ta hau motar Arewa. Ni na zo kwashe tukwane ne kawai, bayana kamar zai ɓalle. Na tarar an fito da bahon wankan jariri tsakar gida, an ajiye kujera 'yar tsugunno, ga soso ga sabulu ga tawul. Mai jego ta fito da yaron ta durƙusa ta miƙa wa Inna, ta koma ta kawo ruwan zafi a bokiti da na sanyi a buta, ta ajiye a gabanta kamar yadda ake yi kullum, don Inna ke sirkawa.

Inna ta zauna da yaron a cinya tana kallon bokitin. Tururi yana tashi. Ta kai hannu har ta kusa taɓa ruwan, sai ta tsaya, ta janye.

"Ke," ta ce, "zo ki sirka."

Na sirka, na sa gwiwar hannu na ji, na ce ya yi. Na ɗauka shi ke nan, na miƙa mata soso. Ta karɓa, ta jujjuya shi a tafin hannunta, ta matse shi ta sake. Sannan ta kalli fatar yaron, ja, sabuwa, ko sati biyu ba ta yi a duniya ba.

Ta mayar min da soson, ta ɗago yaron ta ɗora min a hannu, ta tashi daga kan kujerar ta ba ni wuri.

"Ni zan riƙe tawul," ta ce.